Daga Yerwa zuwa .ng: Tarihin Raɗa wa Kwamfuta Suna da Wahalar Sauya Shi



Duk kwamfutar da ke shagunan buga takardu, makarantu da ofisoshin garin nan na Maiduguri tana da suna. Haka ma wayar da ke aljihun kowannenmu. Da wannan suna sauran na'urori ke neman ta idan an haɗa su a layi ɗaya, kuma shi ne ke fitowa a wayar maƙwabci idan ya kunna Bluetooth. Akasarinmu ba mu muka raɗa shi ba. Ko dai ta zo da kalmar DESKTOP da wasu tarkacen haruffa a bayanta, ko kuma, in 'yar gwanjo ce, ta zo da sunan wanda ya gama morar ta a wata ƙasa. Hausawa sun ce suna linzami ne. Yau za mu bi diddigin wannan linzami: inda aka ƙera shi, yadda ya iso ƙasarmu, da dalilin da ya sa ɗaura shi ke da sauƙi amma sauya shi ke da wuya.

SUNAYEN UNGUWANNINMU

Mu fara daga gida, domin mutanen garin nan sun san sha'anin suna tun kafin a san kwamfuta. Limanti na ɗaya daga cikin mazaɓu 15 na ƙaramar hukumar birnin Maiduguri, a cikin tsohon gari, ba nisa da fadar Shehu. Duk wanda ya ji sunan ya ji kalmar liman a ciki, wato wurin liman ke nan. Haka Shehuri wurin Shehu ne, Hausari wurin Hausawa, ita kuwa unguwar Fezzan ta ɗauko sunan yankin Fezzan na ƙasar Libiya, inda fatake ke fitowa su ƙetaro hamada. Yau ba Hausawa kaɗai ke zaune a Hausari ba, kuma ba lallai ka samu Bafezzane a kowane gida na Fezzan ba, amma sunayen suna nan daram. Suna yakan fi dalilin da ya sa aka raɗa shi tsawon rai.

Shi kansa garin haka yake. Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya kafa Kukawa a 1814. Rabeh ya ci ta a 1893 ya koma Dikwa da zama, har aka kashe shi a Kusuri a 1900. Bayan zuwan Turawa, Shehu Abubakar Garbai ya kafa sabuwar fada a Yerwa a 1907, kusa da tsohon ƙauyen Maiduguri. A takardun gwamnati sunan Maiduguri ne ya yi rinjaye. Da shi jirgin ƙasa ya iso a 1964, da shi garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, sannan ta Jihar Borno a 1976. Duk da haka, har gobe idan ka ce wa direba a tashar Kano za ka Yerwa, ba zai tambaye ka ina ne ba. Sunaye biyu, gari ɗaya. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

KUNDIN SUNAYE NA FARKO

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Kowace na'ura a kan layi tana da adireshi na lambobi, irin su 192.168.1.10 da muke gani a na'urar Wi-Fi ta shago. Mutum kuwa ba ya iya haddace lambobi da yawa, shi ya sa muke ajiye lambar waya da sunan mai ita. Saboda ɗan Adam aka ƙirƙiri sunan kwamfuta.

Abin ya samo asali ne a Amurka. Ranar 29 ga Oktoban 1969 aka aika saƙo na farko a kan layin ARPANET, kakan intanet, daga wata jami'a a Los Angeles zuwa cibiyar bincike ta SRI da ke jihar Kalifoniya. Kafin ƙarshen shekarar, wurare huɗu kacal aka haɗa. Da na'urori suka ƙaru, sai aka ga dole a samu kundi ɗaya mai ɗauke da sunan kowace da lambarta. Wata mata mai suna Elizabeth Feinler da ma'aikatanta a SRI su aka ɗora wa wannan aiki. Fayil ne guda ɗaya tak, ana kiran sa HOSTS.TXT. Duk wanda ya kafa sabuwar kwamfuta ko ya sauya wa tasa suna sai ya sanar da ofishinta, a rubuta, sannan kowa da kowa ya sauke sabon kwafi.

Ku duba yadda abin zai kasance a ce duk haihuwar da aka yi a Borno, mutum ɗaya ne zai rubuta sunan jariri, kuma ba a yarda jarirai biyu su yi suna ɗaya ba. Da farko tsarin ya yi aiki. Da kwamfutoci suka kai ɗaruruwa, sai kundin ya yi nauyi, kwafin da ke hannun wani ya saɓa da na hannun wani, mutane biyu kuma su yi ta jayayya kan suna ɗaya.

A watan Nuwamban 1983 wani masani mai suna Paul Mockapetris ya fito da mafita, tsarin da ake kira DNS. Dabararsa ita ce raba iko hawa-hawa, kuma mu nan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Shehu ba ya riƙe sunan kowane magidanci. Hakimi na ƙarƙashinsa, lawani na ƙarƙashin hakimi, bulama na ƙarƙashin lawani, kuma bulama shi ya san gidajen unguwarsa. Haka sunan intanet yake, sai dai daga dama ake karanto shi. A cikin www.unimaid.edu.ng, ng ita ce ƙasa, edu rukunin manyan makarantu, unimaid ita ce jami'ar, www kuma sunan da jami'ar ta ba wa ƙofar shafinta. Jami'ar na iya raɗa wa na'urorinta duk sunan da ta ga dama ba tare da ta tambayi kowa a Amurka ba.

Tsohon kundin nan bai mutu ba. Jikansa yana kwance a cikin kusan kowace kwamfuta har yau, wani ɗan fayil mai suna hosts, a Windows da Linux duka. Wanda ke gyaran kwamfuta a bakin kasuwa ya san shi, ko da bai taɓa jin sunan matar da ta fara riƙe shi ba.

ƘA'IDOJIN DA SUKA MANTA DA Ƙ DA Ɗ

A 1985 aka rubuta ƙa'idar sunan na'ura: haruffan Ingilishi 26, lambobi 0 zuwa 9, da karan ɗori. Babu fili a tsakani, ba a farawa ko ƙarewa da karan ɗori, kuma babban baƙi da ƙaramin baƙi duk ɗaya ne. A lokacin an taƙaita sunan zuwa haruffa 24. A 1989 aka sassauta, aka yarda suna ya fara da lamba, kowane ɓangare tsakanin ɗigo da ɗigo kuma ya kai haruffa 63. Shi kuwa Windows yana da nasa tsohon gado: idan suna ya wuce haruffa 15, wasu tsoffin hanyoyin haɗa kwamfutoci sukan datse sauran.

Waɗanda suka zauna suka tsara wannan ba su da labarin ɓ, ɗ da ƙ namu, ko ǝ ta 'yan uwanmu Kanuri. Don haka wanda ya so ya kira kwamfutar masu ziyara baƙi, sai ta koma baki. Wanda ya so ya ce ofishin ƙasa, sai ya koma ofishin kasa, kamar mai yi wa kansa mugun fata. A 2003 aka fito da dabarar shigar da haruffan wasu harsuna cikin sunayen intanet, ta hanyar juya su a ɓoye zuwa wani rubutu da ke farawa da xn--. A 2010 Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka samu sunayen ƙasashensu da haruffan Larabci. Amma a cikin shago ko makaranta, hanyar da ba ta da rigima har yanzu ita ce zaɓar kalmar da ba ta da harafi mai ƙugiya tun farko. Alhamdu lillahi, Limanti ba ta da wannan matsala.

A watan Agustan 1990 wani ma'aikacin hukumar ma'auni ta Amurka, Don Libes, ya rubuta wata gajeriyar takarda mai lamba RFC 1178 kan yadda ake zaɓa wa kwamfuta suna. Ya hana sa mata sunan mai ita, domin sai a rasa ko mutumin ake nufi ko na'urar, kuma gobe tana iya komawa hannun wani. Ya hana sa mata sunan aikin da take yi, domin aiki yakan canza. Ya hana dogon suna, da mai wuyar rubutu, da wanda za a ji kunyar faɗarsa a gaban baƙo. Ya ba da shawarar a ɗauki rukuni ɗaya, kamar launuka, a riƙa ciro sunaye daga ciki. Dalilinsa kuwa shi ne, da zarar suna ya shiga hannun mutane da na'urori, janye shi ba ƙaramin aiki ba ne. Shekara 30 da ɗoriya ke nan, maganar ba ta tsufa ba.

SUNAN NAJERIYA A HANNUN WASU

Kowace ƙasa an ba ta haruffa biyu daga wani jerin sunayen ƙasashe na duniya. Maƙwabtanmu uku na yankin Tafkin Chadi suna da nasu: Nijar .ne, Chadi .td, Kamaru .cm. Najeriya ta samu .ng a 1995. Wadda aka rubuta a matsayin mai kula da shi ita ce Ibukun Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba a Legas, amma aikin na'urorin da ke riƙe da kundin a waje ake yin sa, da farko a birnin Pisa na Italiya. Wato sunanmu ne, amma littafin yana gidan wani.

An daɗe ana ja-in-ja a kan wanda ya cancanci riƙe wannan amana, har Shugaba Obasanjo ya sa baki a 2004. A 2005 aka kafa ƙungiyar NiRA, a 2009 kuma hukumar da ke kula da tushen sunayen intanet ta duniya ta miƙa mata .ng. Shekara 14 ke nan daga ranar suna zuwa ranar da yaro ya dawo gidan ubansa. A tsakanin nan ne wayar salula ta shigo a 2001, shagunan intanet suka bazu a garuruwanmu, sannan a 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Duk ɗalibin da ya zauna a ɗakin jarrabawar nan ya zauna ne a gaban na'urar da sai babbar kwamfutar cibiyar ta bambance ta da sauran kafin a ba shi tambayoyi.

IDAN SUNA YA CANZA

Ƙasashe sun ɗanɗana wahalar sauya suna. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, amma .su ya ci gaba da aiki shekaru da dama bayan haka. Zayar ta koma Kwango a 1997, aka ɗauki shekaru kafin a kammala ƙaura daga .zr zuwa .cd. Sunan Yugoslabiya, .yu, sai a 2010 aka goge shi. Ƙasar Swaziland ta koma Eswatini a 2018, ta bar .sz yadda yake.

A nan kusa da mu ma akwai misali. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Yola ta koma Jami'ar Fasaha ta Modibbo Adama a 2011, adireshinta ya zama mautech.edu.ng. A 2021 aka faɗaɗa ta, ta tashi daga jami'ar fasaha zalla, aka cire kalmar fasaha daga sunanta. Sai ga guntun tech da ke cikin adireshin ya zama tsohon zance, aka buɗe mau.edu.ng. Abin da Libes ya hango ke nan: wanda ya sa aikinsa cikin sunansa, ranar da aiki ya canza sai ya sake taron suna.

A Legas, ranar 29 ga Mayun 2012 Shugaba Jonathan ya sanar da mayar da Jami'ar Legas zuwa sunan Moshood Abiola. Ɗalibai suka fito zanga-zanga, aka je kotu, sunan bai canza ba. Mu kuma namu ya zo ranar 17 ga Yulin 2025, kwana huɗu bayan rasuwar tsohon shugaba Muhammadu Buhari, lokacin da Shugaba Tinubu ya sanar da sa wa Jami'ar Maiduguri sunan marigayin. Jami'ar da aka kafa a 1975 tana cika shekara 50 ke nan. Wasu sun yi maraba, wasu sun nuna rashin amincewa, ciki har da ƙungiyar malaman jami'ar. Ba wannan muhawara ta tara mu yau ba. Abin da ya shafi darasinmu shi ne, mai fenti zai iya sauya allon bakin ƙofa a yini ɗaya, amma kalmar unimaid tana cikin adireshin imel na malamai, tana kan maƙalun da suka buga a mujallun duniya, tana cikin takardun da tsoffin ɗalibai suka miƙa wa makarantu da ma'aikatu a ƙasashen waje. Duk ranar da aka kashe tsohon adireshi ba tare da an bar mai nuna hanya ba, wanda ke son tantance takardar ɗanmu daga wata ƙasa zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ji shiru.

Maganin wannan yana cikin tsarin DNS tun farko, kuma al'adarmu ta riga shi saninsa. Mutum yana da sunan yanka, yana kuma da laƙabi. Uwa mai alkunya ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, amma idan ta kira shi da laƙabi shi ne zai amsa. Haka ake yi wa na'ura: a ba ta sunan yanka ɗaya, a rataya mata laƙabi, duk wanda aka kira ita za ta amsa. Idan an sauya suna, sai a mayar da tsohon ya zama laƙabi. Abin da ya faru da Yerwa ke nan, shi ya sa ba a taɓa ɓatar da baƙo ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Garin nan ya san asarar takardu. Gobarar Kasuwar Monday ta watan Fabrairun 2023 da ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumban 2024 sun nuna mana cewa na'ura na iya tafiya a dare ɗaya. Mai shago ko shugaban makarantar da zai sayi sababbin kwamfutoci ya dawo da ajiyarsa, zai fi samun sauƙi idan ya san wace ajiya ce ta wace na'ura. Wannan kuwa sai in sunayen suna da ma'ana kuma an rubuta su a wani wuri.

Sauya sunan shi kansa bai kai shan shayi ba. A Windows ana shiga Settings, sai System, sai About, a danna wurin sauya sunan, a rubuta sabo, a kashe kwamfutar a kunna. A Linux ana amfani da umarnin hostnamectl, sannan a leƙa fayil ɗin hosts a gyara tsohon sunan in yana ciki. A waya kuwa yana wajen bayanin waya ko wajen Bluetooth. Wahalar tana ga abin da ke biyo baya. Idan firintar shago a jikin wannan kwamfutar take, sauran da ke neman ta da tsohon suna za su daina bugawa. Idan manhajar lissafin kuɗi ko ta sakamakon ɗalibai tana neman babbar kwamfuta da sunanta, sai ta ce ba ta gan ta ba. Don haka kafin a taɓa suna, a zauna a lissafa duk wanda ke kiran sa, a yi aikin bayan an tashi, ba ranar da ake tsakiyar rajistar jarrabawa ba.

Wajen zaɓe kuma, ga abin da tarihin nan ya koya mana. A gajarta, kada ya wuce haruffa 15. A guji haruffa masu ƙugiya da barin fili. Kada na'ura biyu su yi suna ɗaya a layi ɗaya, abin da kan faru idan mai gyara ya kwafe kwamfuta ɗaya ya zuba a goma. Inda na'urori suke da yawa, sunan wuri da lamba ya fi, kamar limanti-01 da limanti-02, domin wuri ya fi ma'aikaci daɗewa. Inda ba su da yawa, muna da rukunan da ba sa ƙarewa: kuka, tsamiya, gawo, marke, ko kogunanmu irin su ngadda da yedzaram. A rubuta sunan a jikin na'urar, a kuma rubuta a littafi.

Na ƙarshe shi ne na tsaro, kuma mu da muka ga abin da muka gani a garin nan ba ma buƙatar dogon bayani. Sunan waya yana fita waje. Wanda ya sa cikakken sunansa, ko muƙaminsa, ko sunan ma'aikatarsa a kan Bluetooth ko Wi-Fi na wayarsa, yana shelanta wa duk wanda ke cikin mota ko rumfa ɗaya da shi cewa wane yana nan. Wannan ya fi shafar 'yan mata da matan aure, da masu harkar kuɗi, da ma'aikatan da ke yawan tafiya. Kalmar da ba ta nuna kowa ba ta wadatar. Haka idan za a sayar da kwamfuta ko waya, a goge komai har da sunan, kada ta tafi gidan wani tana kiran sunanmu.

Iyayenmu ba sa gaggawar raɗa suna. Sukan jira kwana bakwai, su yi shawara, su tara shaidu, domin sun san abin da aka raɗa shi za a ɗauka har tsufa. Na'urar da ke riƙe da sakamakon 'ya'yanmu da lissafin dukiyarmu ta cancanci ko da minti bakwai ne na irin wannan tunani.

Masu shaguna da malaman makarantu da ke cikinmu, a taimaka a isar wa waɗanda abin ya shafa. Allah Ya ƙara wa Borno lafiya da zaman lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.